Me ya sa nake jiƙewa a kan babur alhali ina sanye da rigar ruwa?

Wani malamin firamare ne ya aiko da wannan tambaya. Yana zaune a Zariya, makarantar da yake koyarwa tana wani ƙauye ta hanyar Giwa, kuma kullum a kan babur ɗinsa yake zuwa ya dawo. Ya ce damina uku ke nan a jere yana sayen rigar ruwa, amma duk ranar da aka kece da ruwa sai ya isa makaranta wandonsa sharkaf, takalmi cike da ruwa, ƙirji ya ɗauki sanyi, har ya ji nauyin tsayawa gaban ɗalibai. Yana son ya sani: ya daure ya tara kuɗi ya sayi mai tsadar nan ta Turawa da ake kira Gore-Tex, ko kuwa akwai abin da yake yi ba daidai ba?

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Kada ka fara tara kuɗin nan tukuna. Na yi shekaru ina dakon kaya da babur tsakanin Zariya da Kaduna kafin in zauna a shago ina sayar da kayan mahaya, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, mutum ya dawo mini da riga yana cewa tana yoyo, in zuba mata ruwa a gabansa ko ɗigo bai wuce ba. Rigar lafiyarta ƙalau. Ruwa ba kasafai yake ratsa jikin yadin ba, ƙofa yake nema. Mai babur kuwa ƙofofinsa biyar ne: wuya, bakin hannu, zif, tsakanin ƙafa, da idon sawu. Yadda ka kwatanta jiƙewarka, aƙalla uku daga ciki a buɗe suke.

Yawancin rigunan ruwan da ke kasuwa don mai tafiya da ƙafa aka ɗinka su. Shi daga sama ruwa yake zubo masa, ya bi kafaɗa ya gangare ƙasa, shi ke nan. Kai da kake gudun kilomita 50 ko 60 a awa, ta gaba ruwan yake dukanka, iska na cusa shi cikin duk 'yar kafar da ya samu, har hawa sama yake yi ta cikin hannun riga. Tayar gaba tana watso maka wani daga ƙasa haɗe da laka, motar da ta wuce ka ta ƙara maka nata. Ga kuma yanayin zaman: da ka miƙa hannu ka kama kan babur, rigar ta ɗage ta baya, hannunta ya janye ya bar wuyan hannunka a waje, cikinka da cinyoyinka kuma suka zama tamkar kwano. Duk ruwan da ya bugi ƙirjinka, cikin kwanon nan yake taruwa.

To a nan wandonka yake jiƙewa. Ɗauko wandon ruwan ka juya cikinsa waje, ka duba tsakanin ƙafa. Za ka ga wurin da ɗinki huɗu suka haɗu, kuma duk inda allura ta soka, rami ta bari. Masu yin kayan kirki sukan bi bayan ɗinkin ta ciki su manna wani siririn tef da zafi don ya toshe ramukan. Na roba zalla masu kyau ma ba a sa musu zare, narka bakin ake yi a haɗe. Na araha kuwa ɗinkawa kawai ake yi a bar shi haka, sai ka ga zare tsirara. Idan naka haka yake, ka gano ɓarawon farko.

Sannan akwai nauyin jikinka. A masana'anta, yadda ake gwada yadi shi ne a ɗora masa ruwa a cikin dogon bututu, a ga tsayin da ruwan zai kai kafin ya fara tsattsafowa ta ƙasa. Shi ne lambar da ake rubutawa a takardar wasu riguna, milimita 5,000 ko 10,000 ko 20,000. Yadin da ya jure milimita 1,500 ana kiransa mai hana ruwa, kuma ya ishi mai tafiya a ƙasa cikin yayyafi. Amma wanda ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar kujera, ya danne ruwan da nauyinsa, babur na jijjiga shi a kan ramuka tsawon minti arba'in, matsa ruwan yake yi ya shige da ƙarfin tsiya. Shi ya sa kullum nake gaya wa masu saye, in kuɗinka ba zai kai ka ga riga mai kyau da wando mai kyau ba, zuba shi a wando. Ka nemi mai kauri, mai dogon ƙugu da zai haura cibiya, wanda ba shi da zif a gaba, ba shi kuma da tsagar nan ta gefe da ake bari don a zura hannu a aljihun ciki. Tsagar nan ƙofa ce da kafinta ya manta bai sa mata ƙyaure ba. Rigar kuma a saman wandon take zama, ba a cusa ta ciki, kuma kafin ka tashi ka ja gabanta ka miƙar da ita don kada ta yi lanƙwasar da ruwa zai kwanta.

Duba kujerar babur ɗinka ma. Wannan mutane da yawa ba sa lura da shi. Idan fatar ta yage ko da tsawon ɗan yatsa ne, soson da ke ciki zai sha ruwa ya ƙoshi yayin da babur ke ajiye a waje. Kai kuma ka zo ka zauna, ka matse shi. Na ga wanda yake jiƙewa ranar da ko hadari babu, saboda ruwan shekaranjiya yana nan cikin soso. Masu rufin kujera za su gyara maka da kuɗi kaɗan, ka ce su shimfiɗa leda a kan soson kafin su ja fatar.

Tunda malami ne kai, ina zaton da kaftani kake fita. To ka kula da shi sosai. Kaftani ya fi rigar ruwa tsawo, kuma in gefensa ya leƙo waje ko da kamu ɗaya ne, aikin lagwani zai yi: yadda lagwani ke jan kananzir zuwa sama, haka auduga ke jan ruwa har ya kai ƙugu da ciki. Mutum zai rantse rigarsa ce ta yi yoyo, alhali kaftaninsa ne ya shigo da ruwan da kansa. Haka hannun riga da ya leƙo ta wuyan hannu, haka bakin wando. Ka naɗe kaftanin ka cusa shi cikin wandon ruwan gaba ɗaya. Abin da ya fi ma, a watan marka ka ninke kayan aikinka ka sa a leda biyu cikin jaka, ka hau da wasu, in ka isa ka canza. Takardun ɗalibai da waya da kuɗi su ma haka, leda biyu, bakin ɗaya yana kallon gindin ɗaya.

Takalmi kuwa, kusan kullum daga sama yake cika. Ruwa yana bin wandon ruwa ya gangaro, in wandon ya tsaya a idon sawu ko an cusa shi cikin takalmi, to ka yi wa ruwan mazurari. Dole ƙafar wandon ta rufe takalmin ta waje, kuma tsawonta a zaune ake aunawa, gwiwa a lanƙwashe, don a tsaye kowane wando dogo ne. Mafi sauƙin magani a wurinmu shi ne dogon takalmin robar nan na manoma da masu aikin gini, a saukar da wandon a kansa. Ka zaɓi wanda ya kama ƙafarka daidai, mai zane a ƙasa, domin wanda ya yi maka yawa zai hana ka jin giya da birki. Ka kuma sani ba ya kare ƙafa in an faɗi kamar yadda rufaffen takalmin fata mai tsawo yake yi. Takalmin aikinka ka bar shi a makaranta. In ruwa ya ritsa da kai ba shiri, sa leda a kan safa sannan ka zura takalmi. Kada ka ɗaura ledar ta waje, domin ranar da ka sauke ƙafa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta za ta kwashe ka. Silifas kuwa ba na hawan babur ba ne ko da rani, balle da damina.

Sanyin ƙirjin da ka ambata, daga wuya ne ko daga zif. Ruwan da ya bugi hular kwano yana gangarowa ta ƙeya da haɓa, ya bi wuya ya shige, ɗigo-ɗigo, har ya jiƙa singileti. Rigar mai babur tana bukatar doguwar kwala da ke rufewa ruf har ƙarƙashin haɓa. Hular da ke jikin rigar, in ka bar ta tana lilo a baya, ruwa take tarawa, ranar da ka ɗaga kai ta juye maka shi a gadon baya. Ko dai ka naɗe ta cikin kwala, ko in siririya ce ka sa ta a kai sannan ka ɗora hular kwano, muddin ba za ta hana hular zama daidai ba kuma ba za ta hana ka waiwaye ba. Ni ƙaramin tawul nake naɗawa a wuya ta cikin kwala, in cusa bakinsa ciki kada ya leƙo. Yana shanye ɗigon da ya kuɓuce, in na isa in matse shi. Zif kuma shi kaɗai ba ya tare ruwa. Ka nemi rigar da ke da leɓe a bayansa da wani a gabansa mai maɓalli ko abin mannewa, kuma ka riƙa rufe shi duka, ba rabi ba.

Hannu magana ce gajera. Bakin safar hannu ya shiga cikin hannun riga, a ɗaure a kansa, don ruwan da ke bin damtse ya wuce ta sama. In ba ka da safar da ke hana ruwa, sa siririya ta yadi, ka ɗora ta roba mai kauri irin ta ma'aikata a kai. Ka dai gwada ka tabbata kana iya kama birki da kuloci ba tare da santsi ba.

Akwai kuma ruwan da ba daga sama ya zo ba, daga jikinka ya fito, kuma a nan ne maganar Gore-Tex take shigowa. Rigar roba zalla, wadda ake rubuta wa PVC, ba ta barin ruwa ya shiga, ba ta kuma barin gumi ya fita. Ka sa ta a garinmu da damshin damina, minti goma sha biyar ya isa ka jiƙe daga ciki. Ana iya bambance yoyo da gumi. Yoyo yana da wuri, yana da iyaka kamar taswira, kuma da sanyi yake zuwa. Gumi kuwa shimfiɗe yake a gadon baya da hammata da ƙirji, da ɗumi. Matsalar ta daɗe. Tun 1823 da Charles Macintosh, wani masanin haɗa sinadarai ɗan Sikotilan, ya yi rajistar dabarar manna roba tsakanin yadi biyu, masu sa rigarsa suke kukan zafi da wari. Mahayan babur na Ingila sun daɗe suna amfani da audugar da aka shafe da kakin da ke hana ruwa, irin wadda kamfanin Barbour ya fitar musu a 1936. Sai a 1969 wani Ba'amurke mai suna Bob Gore ya gano cewa in aka ɗumama wani nau'in roba, irin wanda ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama, aka fizge shi da sauri, yakan miƙe ya zama siririn mayafi mai ƙananan huji da ido ba ya gani. Hujin sun yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta, amma tururin gumi yana iya bi ta cikinsu. Shi aka fara mannawa a jikin yadi aka kira shi Gore-Tex, kuma yanzu kamfanoni da yawa suna da irin nasu da wasu sunaye.

Abin yana aiki, ba na musu. Amma ka san sharaɗinsa. Tururi yana fita ne in cikin rigar ya fi waje ɗumi da damshi. A ƙasar sanyi bambancin babba ne, sai rigar ta yi ta numfashi. A Zariya cikin watan Agusta kuwa, iskar waje ita ma ɗumi gare ta, kuma ta ƙoshi da ruwa, to ina gumin zai tafi? Zai fita, amma kaɗan. Sannan saman yadin ana shafa masa wani magani da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare. In ƙura da maiƙo da wanki suka cinye maganin, yadin waje ya jiƙe ya toshe hanyar tururin, sai ka ji kamar rigar tana yoyo alhali guminka ne. Wasu rigunan mahaya na Turai ma, mayafin a ciki yake kamar shafi, yadin waje kuwa shan ruwa yake yi ya yi nauyi, ka rataye shi da safe har a tashi daga makaranta bai bushe ba. Ga kauri, don da sanyin ƙasarsu aka yi lissafi. Ga jabu a kasuwa, domin ɗinka tambari a hannun riga ba wuya.

Don haka ra'ayina ke nan. Wanda yake wuni a kan babur, ko yake hawa a wuri mai sanyi kamar Jos ko tsaunin Mambila, in ya samu ta gaskiya kuma yana da hali, ba asara ya yi ba. Kai da tafiyarka ba ta kai awa ɗaya ba, riga da wando na nailan mai shafin roba ta ciki, wanda ake rubuta wa PU, masu tef a ɗinki, za su yi maka abin da kake nema da kaso kaɗan na wancan kuɗin. Sun fi PVC sauƙin nauyi, sun fi shi daɗin ninkewa. In kuma PVC mai kauri ka samu, yi wando da shi, don a wurin zama babu kamarsa. Gumin kuma ka rage shi da dabara: siririyar riga irin ta 'yan ƙwallo a ciki maimakon auduga, domin ba ta riƙe ruwa kuma tana saurin bushewa, sannan kada ka sa kayan ruwan ka tsaya gaisawa a ƙofar gida, sa su ka hau, iska ta yi aikinta.

In ka shiga kasuwa, ko sabo ko gwanjo, da hannunka za ka saya, ba da bakin mai kaya ba. A Kasuwar Barci ta Kaduna da Ƙofar Wambai ta Kano akan ci karo da kayan ruwan ma'aikatan Turai cikin dila, kuma sau da yawa sun fi sabbin na araha ƙarko. In ka ga an rubuta EN 343 a 'yar takardar ciki, ma'aunin Turai ne na kayan aiki masu kare ruwa, kuma lambar da ke gefensa in ta kai 3 ko 4 ta fi. Juya cikin rigar waje. Bi ɗinkin da yatsa ka ga ko tef ɗin yana ɗagowa. Murza shafin ciki: in yana danƙo, ko yana zubar da gari kamar amosani, ko yana wani wari mai tsami, ya mutu, ajiye ta komai kyanta a ido. Ɗaga ta saitin rana ka nemi huji. Sannan ka sa ta a kan kayan da ke jikinka, ka tsuguna, ka miƙa hannu gaba kamar ka kama kan babur. Ta ɗan fi ka girma kaɗan, amma ba ta yi buhu ba, don wadda ta yi yawa iska ce za ta yi ta kaɗa ta har ɗinkin ya buɗe. Wandon ya zama mai faɗin ƙafa da za ka iya zurawa ba tare da cire takalmi ba, domin a gefen titi za ka sa shi hadari na kanka. Launi kuma, don Allah ka bar baƙi da shuɗi mai duhu. Ɗauki ruwan ɗorawa ko ruwan lemo mai ɗaukar ido, mai zanen da ke ƙyalli in fitila ta haska. Direban tirela da gilashinsa ya yi hazo ba ya ganin baƙar riga a cikin ruwa. Ka kuma tuna kayan ruwa ba sa kare fata in aka faɗi, kwalta tana cinye nailan nan take, don haka in kana da jaket mai kauri, a ƙarƙashinsu take zama.

Abin da ba na sayarwa a shagona, ba kuma zan ba ka shawararsa ba, shi ne burmemen mayafin nan da ake zura kai a tsakiya ya rufe mutum da babur har da fasinja. Yana da daɗi cikin yayyafi a cikin gari. Amma iska tana shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi ya rufe maka ido ko fitila, gefensa kuma yana lilo kusa da sarƙa da tayar baya. Duk mai babur ya san abin da ke faruwa in hijabi ko babbar riga ta shiga taya, to wannan ma haka ne. Idan ka goya iyali, ka tabbata an tattara hijabi da zane an danne kafin ka tashi. Laima a hannun fasinja ita ma iska ɗaya ce za ta fizge ku. Ka kuma lura da ƙafar wandon da ke ɓangaren salansa, nailan da roba narkewa suke yi in sun taɓa ta.

Hular kwano ba don jami'an hanya kaɗai ba ce, ko da yake Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta tun ranar 1 ga Janairu, 2009. Cikin ruwa, wanda ba shi da gilashi a fuska runtse ido yake yi yana tuƙi, don ɗigon ruwa a guje kamar tsakuwa yake. Ka samu mai gilashi fari, ba mai duhu ba. In numfashinka yana sa shi hazo, ɗaga shi kaɗan kamar kaurin ɗan yatsa, ko ka shafa ɗigon sabulun ruwa ta ciki ka goge da tsumma mai laushi har ya yi fes, zai riƙe ka kwana ɗaya ko biyu. Akwai masu gilashi biyu da ake kira Pinlock da ba sa hazo, in ka dace da su. Kada ka goge gilashin da fetur ko busasshen tsumma, ƙarce shi za ka yi, kuma gilashin da ya ƙarce in fitilar mota ta buge shi da dare, makanta ce.

Dalilin da ya sa na zafafa a kan duk wannan ya wuce kunyar shiga aji da jiƙaƙƙen wando. Ruwa yana kwashe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, ga kuma gudun babur yana fifita ka. Likitoci suna cewa an shiga haɗari in zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, amma tun kafin a kai nan yatsu suke fara mutuwa, tunani ya yi nauyi. Ni na gani a jikina. Wata marka na taso daga Kaduna da yamma, na raina hadarin na ƙi tsayawa in sa kaya, kafin in ankara na jiƙe, sai na ce ai aikin gama ya gama, bari in ƙarasa. Wajen Jaji wata babbar mota ta taka birki a gabana. Na kai hannu zan kama nawa, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa, kamar na wani. Birkin ƙafa ne da ikon Allah suka fitar da ni gefen titi. Na sauka a rumfar wani mai shayi haƙorana na haɗuwa, ya miƙo mini kofi na kasa riƙewa, sai da ya ajiye mini a benci na dafa shi da tafin hannu biyu har yatsun suka dawo. Tun ranar, da na ga gabas ta yi baƙi, iskar nan mai sanyi ta fara kaɗawa, nake tsayawa in shirya. Kayan ruwan da aka sa a kan jiƙaƙƙen jiki rabin amfaninsu ya tafi.

Hanyar ma ka ba ta haƙƙinta. Ruwan farko bayan an daɗe ba a yi ba ya fi kowane santsi, don yana taso da mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta. Farin fentin titi da duk wani ƙarfe da ke kan hanya, ka ratsa su a miƙe, ba birki ba kwana. Nisan da kake bukata kafin ka tsaya yakan ninka aƙalla sau biyu, don haka ka ninka tazarar da ke tsakaninka da na gaba, ka kama birkin gaba da na baya tare a hankali. Sauri ya haifi nawa. Yawancin baburanmu irin su Boxer birkinsu na cikin ganga ne, in ka ratsa ruwa yakan ƙi kamawa na ɗan lokaci, sai ka ɗan riƙa taɓa shi kana tafiya har ya bushe. Taya mai sanƙo ka canza ta kafin damina, ba bayan ta kayar da kai ba. Kunna fitila ko da rana ce. Kududdufin da ba ka ga gindinsa ba, ɗauka rami ne. A hanyar ƙauye kuma, in ka tarar ruwa yana gudu a kan kwalbati, tsaya. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, kuma ba ka san ko ya cinye ƙasan hanyar ba. In ana tsawa da walƙiya, tayar roba ba ta kare kowa. Nemi gini ka fake, ba gindin bishiya ba, ka kuma yi nesa da kwanon rufin da iska ke ɗagawa. Sau da yawa ƙarfin ruwan namu ba ya daɗewa, jinkirin minti ashirin ya fi.

In ka dawo gida kada ka dunƙule kayan ka cusa a jaka. Damshi da zafi su ne ke kashe shafin ciki, su sa hunhuna. Girgije su, ka rataye a inuwa inda iska ke bi, in waje ya bushe ka juya ciki. Rana mai zafi tana sa roba ta bushe ta tsage. Laka da ruwa da soso ake wanke ta, ba a dirza da buroshi, ba a jiƙa su cikin omo, ba a matse su kamar zane, guga kuwa ko kusa. In sun yage kada ka kai wa tela ya bi da keke haka kawai, sababbin ramuka zai ƙara maka. A yanko ƙyalle daga tsohuwar rigar ruwa, a manna ta ciki da gam mai kama roba, in ma sai an ɗinka to a bi bayan zaren da gam.

Kafin ka sayi komai, ga abin da nake so ka yi ranar Asabar. Sa tsofaffin kaya masu haske waɗanda jiƙewa ke nunawa a jikinsu, ka ɗora kayan ruwan da kake da su yanzu, da hular kwano da takalmi, yadda ka saba fita. Kafe babur a tsakar gida ka hau ka kama kai. Sa yaro ya cika bokiti ya riƙa watsa maka ruwa da kofi ta gaba, saitin ƙirji da wuya, wani ya riƙa tsiyaya maka da buta a kan hula, kamar minti biyar, kana nan zaune ba ka motsa ba. Sannan ka sauka ka cire a hankali ka duba inda ya fara jiƙewa. In kwala ce ko bakin hannu ko takalmi, yadda kake sawa ne za ka gyara, ba sai ka kashe ko kwabo ba. In layi ne siriri da ya bi ɗinki, gam zai toshe shi. In kuwa wurin zama ne ya jiƙe gaba ɗaya, wando kaɗai za ka canza, ka riƙe rigarka.